Albasar da Ta Sha Takin Zamani

Shekarar da maigidana ya saye albasar Augie, Birnin Kebbi tana ƙarƙashin jihar Sakkwato, ni kuma ko sunana ban iya rubutawa ba. Sai da na aurar da 'ya'ya na shiga ajin yaƙi da jahilci. Amma albasa na san ta tun ina yarinya a gonar babanmu.

A zauren gidanmu 'yan albasa ke zama bayan la'asar. Musunsu ɗaya ne kullum: ranar kasuwar Argungu mai zuwa, buhu zai hau ko zai faɗi? Ina jin su ta bayan zana. A waccan shekara albasa ta yi yawa har jakai sun gaji da ita.

"Ta hwaɗi ke nan," in ji taubashin maigida, ɗan gwaggonsa, mutum mai dariya kamar ana yaga tsumma. "Motocin kurmi ba su zo ba. Wanda bai saida ba kasuwag ga, shi ci abinai da gishiri."

Maigida ya ce, "Ku dut tumaki na. In kowa na saidawa, sa'annan aka saye. Ku ba ta wata ukku ku gani."

"To saye tamu mana, Malam mai duba!"

"Na saye."

Ya kuwa saye. Ya sayar da shanun huɗarsa biyu, ya haɗa da shinkafar da muka ajiye ta ci har damina. Aka jibge albasa a bayan gida, aka kafa rudu, wato rumfar kara da ake ɗagawa bisa itace don iska ta ratsa ta.

Na ɗauki ɗaya. Ƙatuwa, tana sheƙi kamar an shafa mata mai. Na danna wuyanta da babban yatsa, ya lotsa. Lokacin takin zamani bai daɗe da shigowa fadama ba. Yana kumbura albasa, amma mai yawan taki ba ta ajiyuwa.

Na ce, "Malam, wagga albasa ruwa ta. Taki tas sha. Ba ta kai wata biyu."

"Ke, zancen kasuwa nika yi, ba na miya ba."

'Yan albasar kuwa sun sani sarai. Kowannensu ya ɓoye 'yar ƙarama mai tauri, wadda aka noma da kashin shanu, ya tura masa mai ruwan.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, dubansa daidai ne. Kafin wata uku motocin kurmi suka cika Argungu, buhu ya yi tsadar da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Mu kuwa baƙin ruwa ne ke ɗiga daga rudunmu. Wari ya hana maƙwabta shanya. Kaji ma sun daina bi ta wurin.

Shi da kansa ya kwashe ta da shebur, don ba wanda ya yarda ya taɓa. Yana cikin lodawa a amalanke taubashin ya leƙo, ya toshe hanci da bakin rawani.

"Sannu, Malam! Ka ga ta tashi kamar yadda kac ce. Nawa buhun taka?"

Maigida bai ɗago ba. Da ya shigo ya wanke hannu, na ajiye masa tuwon dawa, ya dube shi ya ce ina shinkafa. Na ce tana bola, shi ya kai ta yanzu da amalanke. Ban ji tausayinsa ba ranar, kuma ba zan yi ƙaryar na ji ba. 'Ya'yana dawa suka ci har kaka.

Bai sake mallakar buhu nasa ba. Taubashin ya ɗauke shi ɗinkin bakin buhu a kasuwar Argungu. Duk ranar kasuwa sai 'yan albasa su tsaya a kansa yana tsugune da basilla, su ce, "Malam, mi kag gani, hawa ko hwaɗuwa?" Ya faɗa musu. Su bi abin da ya ce, su ci riba, su jefa masa goro ɗaya.