Dutsen da Ya Kwantar da Ni

Salamu alaikum jama'a. Na daɗe ban yi maganar nan ba, tun zamanin Turawa take cikina. Jiya na ga jikana yana ɗaga ƙarfe ba ya ko numfasawa, na ce a ba ni waya in faɗa.

Ina saurayi a Kontagora, ɗan kokawa ne ni. Mai koya mana, Baba Magaji, yana da doka: in ana ɗaga dutse don ƙara ƙarfi, ba a ajiye shi sai ganga ta yi shiru. Wanda ya zauna tsakanin ɗagawa rago ne. Hutu, in ji shi, sanyaya jini yake yi.

Kokawar kaka ta matso, muka riƙa ɗaga dutsen niƙa safe da yamma. Maimakon in cika, sai ramewa nake.

Wata safiya hannuwana suka kumbura, suka ƙi lanƙwasuwa. Ko loma ban iya kaiwa baki ba. Fitsarina ya koma kamar shayi ba madara.

Baba Magaji ya ce dauɗa ce ke fita. Innata ta ce ita ba ta haifi dutse ba, ta aro jaki ta kai ni asibiti.

Malamin asibitin Banufe ne, Hausarsa a karkace amma ta fita. Ya zuba fitsarin a ƴar kwalba, ya ɗora kan wuta, ya gurɓace. Ya kira likita Bature. Suka ce naman jikina ne ke narkewa, yana neman toshe ƙoda.

Wallahi na ji tsoro. Ba kokawa nake tunani ba, ko zan tashi daga gadon nan nake tunani.

Maganin kuwa ruwa ne da kwanciya. Kullum a auna abin da na sha da abin da na fitar. Inna ta sayar da akuyarta, tana ba ni kunu a baki kamar jariri. Ranar da fitsarin ya washe, sai da ta yi guɗa a ɗakin marasa lafiya.

Da za a sallame ni malamin ya ce, "Ƙarfi ba a ƙarƙashin dutse yake shiga ba. Sai ka ajiye shi."

Bayan watanni na koma fili. Na ɗaga, na ajiye, na zauna a kan dutsen, ganga tana kaɗawa. Aka yi ta min dariya. In na yi yau, gobe in huta. Kaka ta zagayo, dutsen da muke ɗagawa mu biyu na ɗauka ni kaɗai.

Na gode wa Allah. Allah ya jiƙan Inna da malamin nan.

Ku masu ɗaga ƙarfe, ku zauna numfashi ya dawo kafin ku sake. Ku sha ruwa, ku yi barci. In fitsari ya yi baƙi, ku tafi asibiti a ranar.

Na doshi casa'in, har yanzu ni ke ɗaukar butata.