Ranar da Aka Feɗe Kwamfutar Ɗan Ƙanena

Ko da hankalina zai zube ɗaya bayan ɗaya kamar haƙorana, abu guda zai rage mini: ranar da aka feɗe kwamfuta gabana kamar ragon layya.

Ɗan ƙanena ne ya haɗa ta. Ya gaji da cirani, ya ce zai buɗe ɗan shago a Malbaza, yara su riƙa buga ƙwallo cikin na'ura suna biya. Da zai sayo kayan a Konni sai ya goya ni bayan babur, wai ni ne masanin gidan. Gaskiyarsa kuwa, na yi lakwal har aji uku kafin malamin ya ga ilimina ya fi ƙarfinsa ya sallame ni.

Mai shago ya baje kaya. Na nuna wani katin hoto mai fanka uku, ƙato kamar tiren shayi, na ce ga na manya. Ɗan ƙanen nawa ya yi dariya, ya ce wannan zai lashe jarinsa duka ya kuma sha wuta. Ya nuna mini faifan da suke kira kart-mer, ya ce a jikinsa kome yake zama, shi kuwa kati aikinsa zana hoto, dole a zaɓi waɗanda suka dace da juna. Ya ɗauki kati na hannu mai fanka biyu, da faifai matsakaici mai gurbin ƙari. Wai in an samu hali gaba.

Shago ya kama. Daga nan matarsa da ƴarsa tilo suke ci. Sai zazzaɓi ya ɗauke shi.

Bayan sadakar arba'in yayyensa biyu suka iso daga Tajaye. Malam ya faɗi rabon kowa, ya ce a yi wa na'urar kuɗi, ya tafi. Kowanensu ya ga ɗan'uwansa zai cuce shi wajen kuɗin. Na ce a bar wa matar ta ci gaba da shago, tana biyan su kaɗan-kaɗan.

Babban ya ce, "Baba, wannan ba maganar ƴan aji uku ba ce." Ya aika a kawo sukundireba.

Shi ya ɗauki katin, don ya ga fankarsa tana juyawa. Ƙaramin ya rungume faifan, an gaya masa akwai zinariya ciki. Matar aka tura mata akwatin na'urar, fanko.

Ta dube ni ta ce, "Baba, me zan zuba a ciki?"



Ba wanda ya sayar da nasa, kowa ya raina tayin da aka yi masa. Har yau suna ajiye cikin leda, ƙura na ci. Matar ta koma gidan iyayenta a Illela da yarinyar. An ce kaza ce ke ƙwai a akwatin.

Abin da na koya da tsufana shi ne, akwai magajin da ya fi son kowa ya tashi hannu banza da ya ga wani ya amfana. In kana da irinsa a gida, gyara zancen iyalinka tun kana numfashi.