Taurari Biyu da Suka Rushe Mini Lissafi

Akwai wata rana ta kaka da ba za ta fita raina ba har in koma ga Mahaliccina.

Shekaru na yi ina cika wani kaye, ɗan littafin rubutu, da ajami a kan haske. Abin ya samo asali daga amalanke. In ina bisa amalanke jaki na gudu na jefa wa wani goro a gabana, goron ya fi sauri a kan in jefa ina tsaye a ƙasa, don gudun jakin ya ƙaru a kan na hannuna. Sai na ce haske ma haka ne: hasken fitilar moto mai gudu zai riga na fitilar da ke ajiye. Burina ɗaya, ɗiyata mai karatun kimiyya a jami'a ta kai wa malamanta rubutun.

Ranar ni da ita muna dawowa daga gona wajen Maijirgi, zaune bisa damman hatsi, jakin na tafiya kamar mai gyangyaɗi. Na karanta mata shafi uku.

Ta yi dariya. "Baba, ashe abin da kake ɓoyo ke nan! Inna cewa take laya kake rubutawa."

"Ke dai faɗa mini, daidai ne?"

Ta ce, "Wasu masana sun riga ka, Baba, kuma an gwada. Akwai taurari biyu can nesa masu kewaya juna, ɗaya na tahowa wajenmu ɗaya na komawa. Da gudun tauraro na ƙaruwa a kan haskensa, da hasken baya ya cim ma na gaba a hanya, mu ga tafiyarsu a hargitse. An duba, an sake dubawa, lafiya lau suke tafiya."

Na ɗaga kai. Rana tsaka, ba tauraro ko ɗaya, amma wallahi sai na ji kamar ina kallonsu, kamar taɓare biyu a turmi ɗaya, wannan na sauka wancan na tashi.

"In kai wa malamaina duk da haka?" ta ce a hankali.

"Bar shi, ɗiyata."

Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Amma tun ranar na gane cewa komai kyan tunani, sai an kai shi gaban halittar Allah an tambaye ta. In ta ce a'a, mutum ya yi tasbihi ya sake shafi.