Zanen Gadon da Na Sa wa Almakashi

Edita, ni ne mai laifi, kuma ba sai an matsa mini zan faɗa ba. Amma ina so masu karatu su san laifin da na amsa, don kada 'yan unguwarmu su karanta su yi murna, su ce yau dai tela ya dawo hanya. Laifina daban, abin da suke zargina da shi daban.

Ni tela ne a Yalwawa, cikin Dutse. Karatuna bai wuce ƙaramar sakandare ba, daga nan na hau keken ɗinki. Bayan rasuwar mahaifiyata na je gidanmu na tarar da rigar matashinta a wurin injin markaɗe, ana goge baƙin mai da ita. Da hannunta ta yi mata ado tun tana budurwa, zomo da giwa, zare ja da kore, kuma da ita take nuna mana su in tana yi mana tatsuniya. Na ɗauke na wanke na ajiye. Tun daga ranar na fara lura da irinsu ko'ina. Zanen gado mai kunkuru da tsuntsaye ya koma shimfiɗar shanya kuɓewa, labule mai zaki da ɓera ya koma ƙunzugun jarirai. Sai na shiga tarawa. Nakan ba da sabon zanen gado na kanti, a ba ni tsohon.

Ba irin sunan da ban sha ba. A majalisarmu ana kirana mai jeren amarya, wani ya ce in ƙara da kwalla da tasoshi in cika ɗakin. Wasu kuma da gaske suke, suka ce ajiye siffar dabba bai kamata ba. Na tambayi malamin da nake ɗaukar karatu a wurinsa, ya yi mini bayanin da na gamsu da shi, ban kuma kai su inda nake sallah ba. Sauran masu surutu ban ko waiwaye su ba. Iyayenmu mata da ba a koya wa rubutu ba sun zauna da allura sun ajiye mana labari, sai a ce mu bar shi ga injin markaɗe? Har gobe ina nan a kan wannan.

Ga inda na karkace. Namiji ba ya shiga cikin gidan mutane, don haka maza nake aikawa. Duk wanda ya kawo ɗinki daga ƙauye sai in ce ya duba mini a gida. Suna kawowa, ni kuwa ban taɓa tambaya ko mai abin ta yarda ba. Na san sarai kayan ɗakin mace nata ne, ko mijinta ba shi da iko da cokali ɗaya a ciki. Na sani, na kau da kai, don in na tambaya wataƙila a ce mini a'a.

Gab da wata sallah wani manomi daga wani ƙauye a yankin Buji, wanda na daɗe ina yi wa ɗinki, ya kawo mini zanen gadon da ban taɓa ganin kamarsa ba. Farin akoko ne mai kauri, an ɗinka masa labarin kura da biri da zaren ulu, kusurwa kusurwa. A ta farko kura ta faɗa rijiya. A ta biyu biri ya zura mata wutsiya ta fito. A ta uku ta riƙe shi za ta cinye. A ta huɗu dila ya zo raba gardama, ya ce ta koma rijiyar ta nuna yadda abin ya faru, ta koma suka bar ta ciki. Wani layi mai kauri na jan zare ya zagaye zanen daga wannan kusurwa zuwa waccan. Mutumin ya ce na mahaifiyarsa ne, idonta ya tafi, ba abin da za ta yi da shi. Ban ƙara tambayar komai ba.

A lokacin ɗaliban jami'a da ma'aikata sun fara zuwa shagona kallo, suna ɗaukar hoto da waya, kaina ya fara girma. Tsakiyar zanen ta sha jiki, ta yi dabbare-dabbare, ni kuwa tela ne, in na ga wurin da ya mutu a yadi hannuna almakashi yake nema. Na yanke kusurwoyin nan huɗu, na kalmashe bakinsu da keke, na kai wa kafinta ya sa kowanne a katako da gilashi. Tsakiyar da jan layin nan, da na ɗauka ado ne kawai, na tura su buhun ƙyallaye. Na rataye a bango, kowa ya zo sai ya yaba.

Bayan sallah, wata rana da hantsi, adaidaita sahu ya tsaya a ƙofar shagona. Manomin nan ya fito yana jan sandar wata tsohuwa, kansa a ƙasa. Na ba ta benci, muka gaisa. Ta ce ita ce mai zanen. Ta ce ta birkice adakarta ba ta same shi ba, ta ɗora wa matar wannan ɗan nata sata a gaban mutanen gida, yarinyar ta yi rantsuwa ba a saurare ta ba, har ta yi yaji ta tafi gidansu. Sai da abin ya kai haka ɗan ya buɗe baki. Ta ce tun da idonta ya rufe, da yatsa take bin zanen tana yi wa jikokinta labarin, jan layin nan shi ne hanyar da ke kai ta daga wuri zuwa wuri. Ga sabon zanena ta dawo mini da shi, ko ledarsa ba a buɗe ba.

Maimakon in ji kunya, sai na hau dokin zuciya. Na ce musaya muka yi da ɗanta, magana ta ƙare. Ta ce to, ko taɓawa in bar ta ta yi. Na sauko da ɗaya daga bango na ɗora mata a cinya. Ta shafa gilashin, ta sake shafawa, ta tambaya ko madubi na ba ta. Na ce zanen yana ciki. Ta bi gefen katakon da hannu har ta zagaye shi, sannan ta ce, "Ɗan nan, zanen gado ba ya shiga abin da bai fi faifai ba. Ka yanka."

Na ce mata ba don ni ba, ranar da ta bar duniya tsumma zai zama, a share kashin awaki da shi. Wallahi haka na faɗa wa sa'ar uwata. Ba ta zage ni ba. Ta miƙe ta laluba sandarta ta ce, "Ko tsumman zai zama, ai nawa ne." Ta bar mini sabon zanen a kan benci suka tafi.

Na daɗe ina kare kaina. A majalisa na ba da labarin yadda zai yi mini daɗi, har waɗanda ke yi mini dariya suka goyi bayana, suka ce ciniki ciniki ne, rigimar tsofaffi ce kawai. Wadda ta karya ni matata ce, kuma ba da faɗa ba. Na lura ta sa wa akwatinta kwaɗo, ta ɗaure makullin a bakin zaninta. Da na tambaya, ta ce ba komai, ta dai ji an ce yanzu kayan mace na duk namijin da hannunsa ya kai ne, ita kuwa mijinta da almakashi yake yawo. Ta ci gaba da tankaɗenta. Na so in yi fushi, na rasa ta inda zan fara. A cikin gidana ana ɓoye mini kaya kamar ɓarawo, kuma ba a yi mini ƙarya ba.

Na ciro kusurwoyin nan daga gilashi, na zazzage buhun ƙyallaye a tsakar shago. Na sami tsakiyar da yawancin jan layin, amma gefe guda ya riga ya tafi, na cusa shi a matashin da na sayar. Na warware kalmasar keken, na haɗa abin da ya samu da ɗinkin hannu. Kowa ya gani ya san an yanka.

Kafin in kai ƙarshe, ga maganata ga masu tara irin waɗannan kaya, don na ji muna ƙaruwa. Son abu ba ya mayar da shi naka. Ka ji yarda daga bakin mai shi, ba daga bakin mijinta ko ɗanta ba, kuma ka tambaye ta me take yi da shi kafin ka yanke cewa ya gama amfani. Sauran kayan da ke hannuna na sa matata ta shiga gidajen masu su ɗaya bayan ɗaya ta tambaye su. Wasu sun karɓi abinsu, wasu sun yi dariya sun ce in riƙe. Masu cewa wannan ya isa ya sa in watsar da tarin gaba ɗaya kuwa, su yi haƙuri. Ban daina ba, ba kuma zan daina ba. Ba tarawa ce ta kunyata ni ba, ɗauka ba izini ce.

Na je ƙauyen da zanen ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka fito da tsohuwar. Na roƙa a kira surukar tata, wadda aka yi bikonta ta dawo, ta tsaya daga bayan ƙofa. Tsohuwar ta baza zanen a ƙafafunta, ta sa yatsa a kan jan layin ta bi. Ta wuce rijiya, ta wuce wutsiyar biri, tana tsallake tabon ɗinkina. Kafin ta kai wurin dila layin ya ƙare, yatsanta ya tsaya a kan sabon ƙyallen da na cike gurbin da shi. Na ce ina da jan ulu, in ta yarda in mayar mata da shi yadda yake. Ta ce a'a, hannuna ya isa haka, jikokinta za su riƙa kama yatsanta su tsallakar da ita.

Na sauka daga tabarmar na durƙusa a ƙasa. Na ce, "Inna, na karɓi abinki ban tambaye ki ba, na yanka, kika zo har shagona na faɗa miki maganar da ba a faɗa wa uwa. Ba laifin ɗanki kaɗai ba ne, ni na aike shi. Ke kuma da ke bayan ƙofa, an kira ki ɓarauniya a kan abin da ke rataye a bangona. Abin da na ɓata ba zai dawo ba, ban kuma zo da hujja ba. Ku yafe mini don Allah."