Jirin Inna a Bakin Rumbu

A shekarar da ruwan sama ya ɗauke, gero yana bununi, Baba ya tafi Kano cin rani, ya bar wa Inna rumbu da mu 'ya'yanta. A gidanmu wanda ya shiga rumbu ba ya faɗin abin da ya gani a ciki, wai albarka guduwa take yi. Inna kuwa ta riƙe wannan magana gam.

Tun daga lokacin ciwon kai ya kama ta. Sai ta ɗaure goshi da kallabi tamau, har jijiya ta fito. In ta hau tsani ta leƙa rumbun, kafin ta sauko jiri ya ɗebe ta, ta dafa bango tana haki kamar wadda ta yi gudu. Kakarmu ta ce iska ce, aka yi hayaƙi. Malamin unguwa ya ba da rubutu ta sha. Wata maƙwabciya ta ce shawara ce, ta kawo saiwoyi masu ɗacin tsiya. Duk a banza.

Ni kuwa lokacin ina tashen girma, cikina ba ya jin magana. Ni ce mai cewa, "Inna, ƙari." Sai ta kama kanta da hannu biyu, ta turo min kwanonta ta ce, "Ci, ni kaina ne ba ya barina." Ina cinyewa tas, har da suɗe kwano. Har yau in na tuna kunya nake ji.

Sai da na girma, irin ciwon ya same ni, wata ma'aikaciyar asibiti a Ɗambatta ta ce min fargaba kan yi haka. Wuya ya sage, numfashi ya gajarce, barci ya ƙi, ga kuma rashin cin abinci, to ina kai zai zauna lafiya? Tana magana, ni Inna nake gani a kan tsani.

Domin akwai ranar da jirin ya hana ta hawa, bayan an yi shuka, hatsi bai ko kai gwiwa ba. Ta ce in shiga in ɗauko dami. Na ɗage jinkar na zura ƙafa, ina jiran in taka zangarniya, sai na ji ƙasa. 'Yan damman da suka rage suna jingine a gefe, ga mu gida guda, ga kaka da nisa.

Na fito da ɗaya a hannu. Ƙannena sun zagaye tsanin suna kallona. Inna ta ɗago ido daga inda take zaune, ta ce, "Da saura ko?"

Na ce, "Da saura da yawa, Inna."

Da aka sauke tuwo ban nemi ƙari ba. Na tura wa autanmu kwanona, na ce kaina ke ciwo. Inna ta kwance kallabinta ta ɗaura min.