Babban Yatsan Baba

Rannan 'yata ta shigo min da wani ɗan bututu irin na man goge baki, ta ce man silikon ne. Ana shafa shi a tabo safe da yamma a bar shi ya bushe, in aka jure wata da watanni sai tudun ya kwanta, ƙaiƙayin ya lafa. Ta gwada a tabon aikin da aka yi mata wajen haihuwa, kuma tsakani da Allah ya yi mata, na gani da idona. Na ce to nawa fa, wanda ya girme ta? Ta ɗan sosa kai ta ce mai kemis ya ce ya fi ci a kan sabon tabo. Na karɓa na ajiye, na yini ina jin haushin abin, don ya makara da shekaru masu yawa.

Tabon nawa yana wuya, ta hagu, daga ƙasan muƙamuƙi ya gangaro wajen kafaɗa. A Jos na same shi, ƙarshen shekarun saba'in, ina 'yar firamare. Muna haya a Rikkos, Baba kuma kafinta ne a kasuwar Katako, yana yin gado da kwaba da kujeru. Mutum ne da bai yarda da idonsa a kan aiki ba. In ya gama goge katako da samfefa sai ya kawar da kai, ya bi shi da babban yatsansa daga farko har ƙarshe. Daga nan ɗayan biyu za ka ji, ko "Da saura," ko "Ya yi." Na biyun kuwa sai an daɗe ba a ji shi ba. Na sha ganin mai kaya tsaye da amalanke yana rantsuwa cewa gadon ya yi masa haka, Baba yana ce masa ya dawo gobe.

Gam ɗin lokacin ba irin na yanzu ba ne da ake matsowa daga roba. Daskararre yake zuwa, sai an dafa shi a gwangwani ya narke, kuma da zafinsa ake aiki da shi. Wata Asabar Inna ta aike ni in kai masa abincin rana. Na durƙusa gefen teburin aikinsa zan ajiye kwano, shi kuma ya jawo wani dogon katako bai san ina wurin ba. Katakon ya ture gwangwanin da Baba ya sauke daga wuta ya aza a bakin tebur, gam ɗin ya kwararo min a wuya. Ruwan zafi yakan zuba ya wuce, gam kuwa mannewa yake yi. Abin da na fi tunawa shi ne hayaniyar 'yan Katako a kaina, wannan yana cewa a fasa ƙwai, wancan yana cewa baƙin mai, Baba kuma yana ƙoƙarin ɓamɓare gam ɗin da hannunsa yana kiran sunan Allah.

Ƙunar ta warke a asibiti, muka yi hamdala. Sai bayan 'yan watanni wurin ya fara tasowa, ja, mai tauri da sheƙi, ga ƙaiƙayi kamar ana tsira min allura, musamman in sanyin Jos ya sauko. Daga nan gidanmu ya koma ɗakin magani. Babu abin da Inna ba ta shafa min ba. Man kaɗe, zuma, man ja, ruwan lemon tsami da ya sa ni ihu har maƙwabta suka leƙo. Kowace baƙuwa ta shigo sai ta kama haɓata ta juya ni wajen haske, ta ce ai wannan ba komai ba ne, ɗan ƙanwarta ma ya yi irinsa. Ko ɗaya ba ta taɓa kawo mana ɗan ƙanwar mun gani ba.

Akwai maƙwabciyarmu, wata Kirista mai kirki da mijinta ke aiki wajen shanu a Vom. Ita ma ta zo da nata a gwangwanin madara, ta miƙa wa Baba.

"Oga, wannan mai ne na saniya. In nono na shi ya fashe, shi ake shafa, yana gyaruwa sumul. Ka gwada ma yarinya."

Aka gwada. Na yi makonni ina tafiya makaranta ina warin garke, ƙudaje suna raka ni har aji. Na ce wa Inna in dai haka ne a kai ni Vom ɗin gaba ɗaya a ɗaure, ta kai min duka da ludayi tana dariya, sai kuma dariyar ta koma kuka.

Shafawa aikin Inna ne, dubawa kuwa na Baba. Kullum da safe kafin ya fita sai ya kira ni bakin ƙofa, ya kawar da kai, ya bi tabon da babban yatsansa kamar yadda yake yi wa katako. Yatsan yana da kaushi, yana ƙanshin garin katako, kuma shi kaɗai ne abin da ke kwantar min da ƙaiƙayin. Sai ya ce, "Da saura," ya ɗauki kekensa. Ni ban damu da kalmar ba. Baba ba mai wasa da yara ba ne, kafin ƙunar ban san ɗumin hannunsa ba, don haka ina son wannan tsayuwar ta bakin ƙofa ƙwarai.

Da abin ya ƙi, ya mayar da ni asibiti. Likitan ya danna wurin ya ce irin wannan tabon haka yake a jikin wasu, a bar shi, in aka yanke dawowa yake yi har ya fi da. Baba ya yi godiya, amma tun a hanya na san bai karɓa ba. Da muka iso gida na ji shi yana ce wa Inna, "Ni tunda nake ba a taɓa kawo min abu mai tudu na ce a bar shi ba. Tudu ai sassabe shi ake yi a goge." Inna ta ce, "Malam, wannan fa fata ce." Ya ce ya sani. Yanzu na gane ba taurin kai ne kawai ba. Shi ya aza gwangwanin a bakin tebur, kuma hanya ɗaya ya sani ta gyara abin da ya ɓaci a hannunsa.

Wanzamin da ke yi masa aski ya kira. Mutumin ma ya yi ta jan ƙafa, ya ce shi ƙaho da kaciya ya sani, Baba ya matsa masa da zumunci har ya yarda zai yanke tudun. Aka yi a tsakar gida da hantsi. Inna ta shige ɗaki ta toshe kunne, Baba ya riƙe kaina a cinyarsa. Ba zan ba da labarin askar ba. Da ciwon ya warke wurin ya kwanta kuwa, lumui, har Inna ta yi waina ta raba sadaka. Baba ya bi shi da yatsa, na ga bakinsa ya motsa, amma ya ce a bari tukuna ya ƙara bushewa.

Kafin damina ta fita tabon ya dawo. Ya fi na da faɗi, ya fi shi tudu, har ya haura inda gam bai taɓa ba. Wata safiya Baba ya ɗora yatsansa, ya bi shi rabi, ya janye hannu. Ya ɗauki keke ya fita. Washegari na tsaya a bakin ƙofa kamar kullum, na ma sauke ɗankwalina don ya ji daɗin dubawa, ya wuce ni yana gyara hula. Jibi ma haka.

Na ji haushinsa, haushi mai tsanani. Ina ganin ya yi min abin da yake yi wa katakon da ya tsage, a jingine shi bayan rumfa a ci gaba da wani. Bai rage ni da komai ba. Duk sallah sai ya sayo min mayafi, mai kauri, mai rufe wuya, ni kuwa kowane mayafi ƙara min haushi yake yi. Inna ta ci gaba da man kaɗenta ba don tana sa rai ba, sai don hannunta ya saba. Ina kallonsu su biyun suna kallon wuyana suna kawar da ido, ba su da abin da za su yi min. Haka na girma, na yi aure, miji bai taɓa cewa uffan a kan tabon ba, na haifi 'ya'yana.

Sai da Baba ya tsufa, idonsa ya tafi, ya daina zuwa Katako. Wata rana na je gaishe shi, na durƙusa gabansa zan ajiye masa kwanon fura. Ya miƙo hannu yana lalube, ya sami kafaɗata, ya ture mayafin da kansa. Ya bi tabon daga ƙasan muƙamuƙi har ƙarshensa, a hankali. Yatsan ya yi laushi, kaushin duk ya tafi. Ni da jikoki a hanya na tsaya cak ina roƙon Allah ya sa ya yi min ƙarya sau ɗaya a rayuwarsa.

Ya ce, "Da saura."

Na ce, "Baba, ka bar shi haka, ni ya yi min."

Ya girgiza kai ya ce, "Ni bai yi min ba, uwata." Bai ƙara shekara ba ya rasu.

Man silikon ɗin yana nan kan madubina. Na san abin da mai kemis ya ce, ban kuma sa ran wani abin kirki ba. Amma kullum da safe nakan shafa, in jira ya bushe, in kawar da kai daga madubin in bi wurin da babban yatsana. Ƙaiƙayin dai ya ragu. Tudun yana nan, kuma ko da zai kwanta gobe, wanda nake so ya taɓa ya ce ya yi ba ya nan.