Isiyaku Biyu a Hanyar Rabah

Fita daga Kagara

Tun kafin kiran assalatu na aza wa jakina akumari, na ɗora mangala, albasa gefe guda, busasshen kifi gefe guda. Ku mutanen gindin tsamiyar masallaci kun dame ni da tambayar yadda tafiyar nan ta kasance, to ga ta da ajamina mai karkata. Wanda ya ga kuskure ya tuna inda karatuna ya tsaya.

Matata Kulu ta biyo ni ƙofar gida da dunƙulen fura a ƙwarya. Ta ce, "Malam, in ka iske ba kai anka nuhwa ba, kak ka yi muna abin kunya gidan surukai."

Na ce, "Wa za a nuhwa in ba ni ba?"

Ta ce, "Ka sani."

Na sani kuwa. Wani falken gishiri ne ya kawo mana labari ɗiyata A'i ta haihu a Rabah, namiji, haihuwarta ta uku, kuma mijinta Mamman ya ce zai sa wa yaron Isiyaku, takwaran Malam Isiyaku na Kagara. To ni ne Malam Isiyaku na Kagara. Abin haushin, ba ni kaɗai ba ne. Akwai wani a Wurno, wanda ya taso daga wata Kagara can kudu mai nisa, yana karantar da manyan littattafai, kuma a gabansa Mamman ya yi karatu. Ni karatuna ya tsaya ranar da malamina ya rasu, ban kai rabin Alƙur'ani ba. Malantakata ta jan salla ce in gwiwar liman ta motsa. Shi an yi masa takwara har bai san yawansu ba. Ni Allah bai ba ni ɗa namiji ba, gemu ya yi fari, ko ɗan akuya ba a taɓa kira da sunana ba. Shi ya sa na ce sai na je na ji da kunnena.

Gari na wayewa na isa mafitar gulbi. Ruwan damina bai gama janyewa ba, sai da jirgi. Mai fito ya riƙe igiya, jakin na iyo a gefe, ya ce, "Baba, wa za mu ce mun hitar yau?"

Na gyara rawani na ce, "Malam Isiyaku na Kagara."

Nan take mutanen jirgi sunka matsa, wani ya shimfiɗa mini buzunsa. Ina shirin zama sai wata tsohuwa mai tallan daddawa ta leƙo fuskata ta ce, "Kai, ku zamna abinku. Wanga na albasa na." Mai buzu ya janye buzunsa a hankali, kamar dama kakkaɓe shi ya yi niyya.

Goronyo

Na shiga Goronyo da la'asar sakaliya. Mai tsaron ƙofa ya taɓa mangala, ya zari albasa mafi girma, ya ce in wuce. A kasuwa nono araha, don Fulani sun sauko fadama, amma goro sai mai hali.

Na yi sallama a zauren wani mai rini da aka ce yana saukar da baƙi. Ku shaida ban yi ƙarya ba: sunana na faɗa, garina na faɗa. Mutumin ya durƙusa, ya sa aka fito da tabarma sabuwa, aka kawo tuwon shinkafa man shanu na kwance a kai. Na ci, don ƙin cin abincin mai gida rashin ladabi ne. Ina wanke hannu sai ga maƙwabta uku da rigimar gadon gona, mamacin ya bar mata biyu, ɗiya, da ɗan'uwa na uba ɗaya, wai Allah ya kawo mai warwarewa.

Na yi gyaran murya na ce al'amarin gado yana son natsuwa, ba a yinsa bayan cin tuwo.

Mai rini ya dube ni, ya dubi mangala. Ya ce, "Allah gahwarta Malam, wace Kagara ta?"

Na ce, "Kagara nawa ka sani?"

Ya ce, "Ashe wagga ta ƙetaren gulbi ta."

Yadda ya ce "wagga" ɗin nan ya fi komai ci mini rai, kamar garinmu juji ne. Na ce masa Kagararmu ta riga kowace Kagara kafuwa. Ban da hujja, amma shi ma ba shi da ita. Tabarma dai ba a ɗauke ba, mutumin kirki ne. Sai dai da safe kunu aka kawo, tsararo, ina hango fuskata a ciki.

Wurno

Daga Goronyo hanya ta bi gefen fadama, gonakin shinkafa sun yi jawur, masu korar tsuntsu na ta ihu. Rana ta karkata kafin na hango ganuwar Wurno bisa tudu. Lokacin Sarkin Musulmi na zaune a garin, ko'ina cike da baƙi, ciyawar jaki ma sai an saya.

Na ce tunda na zo, sai na ga mutumin nan da ya tare mini suna. Ina cikin lungu ina tambayar gidansa, wata mata ta ƙwala kira daga bayan danga, "Isiyaku!" Na amsa da ƙarfi. Ashe ɗanta take kira ya zo ya ci duka. Ban yi nisa ba aka sake kira, na sake waiwayawa, wannan kuwa wani mahauci ake kira. Na uku ban waiwaya ba, sai ya zamana ni ake nufi, igiyar mangala ce ta kwance.

Da na sami gidan, na shiga zauren da niyyar ƙirga aibunsa. Na zaci zan iske ƙaton mutum mai tumbi yana amsa gaisuwa da hanci. Sai na iske ɗan tsamurmurin tsoho, rigarsa da faci a kafaɗa, murya kamar ta mai mura, manyan mutane masu gemu zaune gabansa da littattafai. Da aka faɗa masa ko ni wane ne, sai ya miƙe tsaye, duk zauren ya miƙe.

Ya ce, "Takwara! Kai na surukin Mamman? Marhabin, marhabin. Zamna nan kusa gare ni."

Na ce, "Ni na, na Kagara ta asali."

Ya yi dariya ya ce, "Na yarda. Tamu shinge ta da rijiya guda."

Kun gani? Ko gardama ba ya bari a yi da shi. Na nemi girman kai ban samu ba, na nemi rowa aka kawo mini fura da zuma. Iyakar abin da na samu, kunnensa na hagu ya fi na dama girma, kuma na riƙe wannan da kyau. Ya ce shi ma Rabah za shi wurin sunan, mu tafi tare. A tsakar gida na ga abin da zai kai wa jariri: rago fari mai ƙaho murɗaɗɗe. Na tuna busasshen kifina.

Hanyar Rabah

Bayan sallar asuba munka kama hanya, shi bisa goɗiya, ni bisa jaki, ɗalibai na janye da rago. Kowane ƙauye munka ratsa, manoma na ajiye lauje suna cewa, "Sannu da hanya, Malam Isiyaku!" Shi ya ɗaga hannu, ni in amsa da baki, tunda ba a ce wane ba. Jakina, Allah ya yi masa albarka, ya ƙi bin bayan goɗiya, kullum sai ya kutsa gaba. Ban hana shi ba. Ragon kuwa ya gano mangala, ya bi ni yana cizgar ganyen albasa. Na ce wa ɗaliban, "Ku tsare shi. Sunan an ci, albasar ma sai an ci?" Malam ya yi dariya har ya yi tari, yana zaton wasa nake.

Munka sauka Rabah kafin magariba, aka kai kowa masaukinsa.

Rabah, ranar suna

Da hantsi ƙofar gidan Mamman ta cika. Aka raba goro, aka yi addu'a, liman ya raɗa, sanƙira ya ɗaga murya: "Sunan yaro Isiyaku, takwaran Malam Isiyaku na Kagara!"

Na fara miƙewa, har na dafa sanda. Sai na ga duk jama'a sun juya mini ƙeya, sun nufi ɗaya gefen suna miƙa hannu. Na mai da miƙewar gyaran zama.

Da aka watse Mamman ya zo ya tsuguna nesa da ni, kansa ƙasa, yadda suruki ke yi. Na ce, "Mamman, tambaya guda. Wane Isiyaku?"

Ya zana ƙasa da yatsa. Ya ce, "Baba, ba ni yi maka ƙarya. Malamina nin nuhwa. Alkawali na ɗauka tun ina gabanai."

Na ce, "Madalla. Allah shi raya."

Na tashi na nufi turken jaki, na fara ɗaure akumari. Kulu ta ce kar in yi abin kunya, kuma hanyar da na sani ta ƙin yinsa ita ce in bar garin. Ina jan igiya sai wata dattijuwa, gwaggon Mamman, ta fito ta ce mai jego na kiran ubanta.

Na shiga. Ɗaki cike da mata, ƙamshin kunun kanwa, wanzami ya gama aski ya fita. A'i na zaune bakin gado da jariri. Gwaggon nan mai baki ce, ta ce, "Ke A'i, tun ɗazu muna ta hwama, ki hwaɗi sunan ɗanki mu ji. Ai ba ɗan fari na ba, bare ki ce kunya."

A'i ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce, "Bakina ba ya iyawa, Gwaggo."

"Don mi? Sunan malamin mijinki na."

"Ni ban san malami ba. Sunan da nit tashi ba ni hwaɗi nai na, yau ma ba ni hwaɗi."

Ta miƙo mini yaron ba ta dube ni ba, ta ce, "Baba, ga Baba ƙarami."

Mata sunka ɗauka da guɗa. Kafin in fita ɗakin na ji yayyensa biyu na cewa a ba su Baba su ɗauka, gwaggon ma da kanta ta ce a rufa wa Baba kai. Kun san yadda abin yake: sanƙira sau ɗaya yake faɗin suna, wanda uwa ta kira shi ake ji kullum. Na duba yaron da kyau. Kunnuwansa daidai suke, duka biyun. Shi kuma ya gaishe ni da abin da jarirai ke gaisuwa da shi, ya jiƙa mini gaban riga.

Na fito zaure ban sauya rigar ba, na zauna inda kowa zai gani. Malam ya dubi inda rigar ta jiƙe, na ba shi labari ban rage komai ba, har na ɗan ƙara. Na jira in ga ya ji haushi. Ya ɗauki tasbaha yana murzawa. Can ya ce, "Takwara, duk Isiyakun Wurno uwayensu na kiran sunan ba ko ɗar. Ni Allah bai bar mani ɗiyar da za ta ji nauyinai ba."

Na tashi na kwance mangala, na raba kifin biyu, rabi na mai jego, rabi nasa. Na ƙara masa da albasa. Ƙananan.

Komawa gida

Na biyo hanyar da na zo. Mai rinin Goronyo ya sake saukar da ni, wannan karon kunun da kauri. Mai fito ya tambaye ni wa zai ce ya fitar, na ce ya ce kakan Baba.

Kulu na tsakar gida tana sussuka da na shigo. Ko sannu ba ta gama ba ta ce, "To, wa anka nuhwa?"

Na ce, "Shi anka nuhwa. Amma ki shirya, kin yi sabon miji a Rabah, kuma ni ya biyo."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa mai rini, da gwaggon Mamman, da jakina da bai yarda ya bi bayan kowa ba. Takwarana na Wurno ma na gode masa, Allah ya ƙara masa ɗalibai. Duk wanda hanya ta kai shi Rabah a cikinku, ya tsaya ƙofar gidan Mamman ya kira Isiyaku, ya ga ko wani zai leƙo. In ya gaji, ya ce Baba.